Bashin Asibiti da Haƙƙin Majiyyaci: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Mafarin magana

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin asibiti ya bambanta da sauran basussuka, domin shi ba a shirya masa. Manomin da ya ci bashin taki ya san ranar da ya ci, ya san abin da zai biya da kaka. Wanda ya ɗauko matarsa da tsakar dare tana naƙuda, jini yana zuba, ba ya tsayawa ciniki kafin a shiga da ita ɗakin fiɗa. Sai an ceto rai, hankali ya kwanta, sa'an nan a miƙa masa takardar kuɗi.

Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa. A 2001 shugabannin ƙasashen Afirka sun taru a Abuja, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai kai wannan adadi ba. Saboda haka asibitoci da yawa, na gwamnati da na masu zaman kansu, da abin da suka karɓa daga majiyyata suke sayen magani da man janareta. Daga nan ne rigima takan taso, asibiti yana neman kuɗinsa, talaka kuwa babu a hannunsa.

Abin da wannan darasi yake nufin bayyanawa guda ne. Bashin asibiti bashi ne, lalle a biya shi, amma jikin mutum ba jingina ba ne. Akwai hanyar da doka ta buɗe ta neman bashi, akwai kuma wadda ta toshe. Hakimi da malaminsa su ne na farko da talaka yake kai wa kuka, don haka ya wajaba su san bambancin hanyoyin nan biyu.

Irin matsin da ake yi wa majiyyata

Matsin yakan zo ta fuskoki biyar. Na farko, a hana majiyyaci fita bayan likita ya sallame shi, a sa mai gadi ya tsare ƙofa sai an biya. Na biyu, a saki uwa a riƙe jariri, ko a riƙe su duka biyu. Na uku, a hana dangi gawar mamacinsu. Na huɗu, a kira 'yan sanda su kama majiyyaci, ko mijinta, ko wanda ya yi taimako ya kawo shi. Na biyar, a ƙi duba wanda ke bakin mutuwa sai an fara ajiye kuɗi. Wani lokaci kuma akan haɗa da tozartawa, a ɗauke mutum daga gado a kwantar da shi a ƙasa, ko a riƙa faɗin bashinsa gaban jama'a.

Tsare majiyyaci ba ya rage bashi, ƙara shi yake yi. A ɗauka, alal misali, an yi wa wata mata fiɗa, ana bin mijinta Naira 180,000, kuɗin gado kuwa Naira 3,000 ne a kwana. Idan aka tsare ta kwana 30, an ƙara Naira 90,000, bashi ya koma Naira 270,000. A cikin kwanakin nan miji ya bar gona ko kasuwa yana zirga-zirga, gadon da wata mai ciwo take bukata yana tsare, ita kuma wadda ta warke tana zaune cikin masu cuta. Ba wanda ya ci riba.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan. Labari yakan koma ƙauye, cewa an riƙe matar wane a asibiti wata guda. Daga nan sai mazaje su hana matansu zuwa awo, a koma haihuwa a gida ko da an ga alamar hatsari, sai abu ya ƙazanta a ɗauko mace a makare. Tun 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na taimakon aikin lafiya a matakin farko, kuma hakimai sun sha wahala wajen jawo hankalin jama'a zuwa asibiti. Tsare mace ɗaya yana iya rushe aikin shekaru a gunduma.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin kansa, ya kuma lissafa dalilan da za a iya tsare shi a kansu, kamar hukuncin kotu, ko tuhumar aikata laifi, ko killace mai cuta mai yaɗuwa bisa ga doka. Bashin asibiti ba ya cikin lissafin. Wannan sashe ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 34 ya hana wulaƙanta mutum, sashe na 46 kuma ya ba wanda aka taɓa wa haƙƙi damar kai ƙara Babbar Kotu. Har wa yau dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, watau Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuffuka. A 1993 kuma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa, wadda sashenta na 11 ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin biyan kuɗi.

Game da 'yan sanda, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duka sun hana kama mutum saboda rigimar bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Sun kuma hana kama wani a madadin wani. Watau ba a kama ƙane don bashin wansa, kuma ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne.

Game da larurar gaggawa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba mai bukatar taimakon gaggawa, kome dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Dokar 2017 ta kula da waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta wa asibiti ya karɓi mai raunin harsashi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, sa'an nan ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Lalle hakiman da ke yankunan da 'yan bindiga suka addaba su riƙe wannan doka da kyau.

A watan Yuli na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majiyyata mai ɗauke da abubuwa 12. A cikinsu akwai haƙƙin a bayyana wa majiyyaci kuɗin da ake binsa dalla-dalla, da haƙƙin a gabatar da ceton ransa a kan maganar biya, da haƙƙin kai kuka idan an cuce shi.

Abin da Shari'a ta ce

Hukuncin Musulunci bai saɓa wa wannan ba. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin mawadacin da yake taurin bashi, wanda jinkirinsa zalunci ne, da wanda talaucinsa ya tabbata, wanda ba a ɗaure shi. Ko a kan mai taurin bashi, alƙali ne yake hukunci, ba mai bin bashi ba.

Bashin mamaci kuwa daga dukiyar da ya bari ake fitar da shi, bayan kuɗin jana'iza, kafin wasiyya da rabon gado. Magada ba su biya daga aljihunsu, sai wanda ya tsaya lamuni ko ya yi don Allah. Addini ya yi umurni a gaggauta binne mamaci, kuma gawa ba dukiya ba ce da za a riƙe jingina. Abin da yake halatta jinkirta ta shi ne binciken hukuma a kan sanadin mutuwa.

Haƙƙin asibiti

Kada a ɗauka wannan bayani ya yafe wa kowa bashi. Asibitin da ba a biya ba zai rasa maganin da zai ba na gaba, ma'aikatansa su rasa albashi, daga bisani ya rufe. A garuruwa da yawa asibiti guda ne kurum yake iya fiɗa, in ya rufe jama'ar gunduma ne suka yi asara. Akwai kuma masu hali da sukan gudu da dare don kada su biya, su ne suke ja wa talakawa tsanani.

Hanyar da doka ta buɗe wa asibiti ita ce ya rubuta takardar neman kuɗinsa, ya karɓi alkawarin biya a rubuce da mai lamuni, in an saɓa ya kai ƙara kotu. Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan da'awa a 2019 domin a gama irin wannan shari'a da sauri. Kotu tana da ikon yanke a biya kaɗan kaɗan, kuma ma'aikacin kotu ne kaɗai yake zartar da hukunci a kan kayan wanda ake bi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, kuma akwai abin koyi a yadda wasu suka bi da ita. A 2007 ƙasar Filifin ta yi doka ta musamman wadda ta hana asibiti tsare majiyyaci ko gawa saboda bashi. Majiyyaci yakan sa hannu a takardar alkawarin biya, da jingina ko mai lamuni, sa'an nan a sake shi. Dokar ba ta haɗa da waɗanda suka kwanta a ɗakuna na musamman ba, don an ɗauka su masu hali ne.

A Kenya, cikin 2015, Babbar Kotu ta yanke hukunci a kan wasu mata biyu da aka tsare bayan sun haihu a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi. Kotu ta ce an keta haƙƙinsu, ta ba ɗaya diyyar shilin miliyan 1.5, ɗaya kuma shilin 500,000.

A Amurka matsin ya fi zuwa ta hanyar kai ƙara da yanke albashi. Dokar lafiya ta 2010, da ƙa'idodin da suka biyo ta, sun wajabta wa asibitocin da aka yafe wa haraji su rubuta tsarinsu na rangwame ga marasa ƙarfi, kuma kada su ɗauki mataki mai tsanani sai bayan kwana 120 daga takardar kuɗi ta farko. A 2022 Jihar New York ta hana yanke albashin mutum ko ɗora wa gidan da yake zaune jingina saboda bashin magani.

Abu guda ne ya haɗa waɗannan misalai: a saki mutum, a rubuta bashi, a ba shi lokaci, a kuma bincika ko yana da hali kafin a matsa masa.

Aikin Hakimi

Tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma kafa ƙananan hukumomi a 1976, Hakimi ba shi da kotu, ba shi da ikon kamu. Abin da ke hannunsa shi ne girma da sanin jama'a da ikon sulhu, kuma a wannan al'amari sun isa su yi aiki babba. Idan kuka ya zo masa, ga yadda ya kamata ya bi:

1. Ya saurari mai kuka, ya sa malaminsa ya rubuta maganarsa a ranar, ya tambayi dagaci ko mai unguwa halin gidan.

2. Ya nemi takardar kuɗi dalla-dalla da rasit na abin da aka riga aka biya. Sau da yawa rigima takan ragu da zarar an zauna an yi lissafi a fili.

3. Ya aika wa shugaban asibitin wasiƙa cikin ladabi, ko ya tura wakilinsa. Mai gadi da ma'aikaciyar jinya umurni aka ba su, jayayya da su ba ta da amfani. A manyan asibitocin gwamnati akwai sashen jin daɗin majiyyata mai duba marasa ƙarfi, a fara da shi.

4. Ya nemi a saki majiyyaci tukuna, a dakatar da lissafin kuɗin gado daga ranar da likita ya sallame shi, sa'an nan a zauna maganar biya.

5. In asibiti ya ƙi, ya sanar da Majalisar Sarki da shugaban ƙaramar hukuma, ya nuna wa dangi hanyar Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, da hukumar lauyoyin gwamnati masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

Akwai abubuwa uku da Hakimi zai kiyaye. Kada ya tura dogarai ko matasa su fito da majiyyaci da ƙarfi, domin gyara ba ya zuwa ta hanyar ɓarna. Kada ya yarda a mai da fadarsa wurin tsare wanda ake bi bashi. Kada kuma ya shaidi talaucin wanda ya san yana da shanu da rumbu. Takardar Hakimi tana da daraja ne muddin asibiti ya san ba ta ƙarya, ranar da aka kama ta da ƙarya kuwa, talakawan da za su zo daga baya su ne za su ɗanɗana.

Aikin Malamin Hakimi

Sulhun da ba a rubuta ba yakan warware. Takardar alkawarin biya lalle ta ƙunshi sunan asibiti da na wanda ake bi, da jimlar bashi cikin lambobi da kalmomi, da abin da aka biya, da abin da ya saura, da adadin kowane biya da ranarsa, da sunan mai lamuni, da shaidu biyu. A karanta ta da Hausa gaban kowa kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, a yi kofi uku, ɗaya na asibiti, ɗaya na dangi, ɗaya na ofishin Hakimi. Kada a bari kowa ya dangwala yatsa a takardar da aka bar wani gurbi ba a cike ba. Idan wanda ake bi manomi ne, a ɗora ranakun biya a kan kaka, domin alkawarin da aka ɗora a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, alkawari ne da aka san ba zai cika ba. A kuma yi wa mai lamuni bayani sarai, cewa in an kasa biya shi za a bi.

Abin da ke damun majiyyaci sirrinsa ne, kuma Dokar Lafiya ta 2014 ta kare shi. Malami ya rubuta adadin bashi, kada ya rubuta sunan cuta a takardar da za ta shiga hannun mutane.

Malami yana da wata dama da ba kowa yake da ita ba. Cinikin gona da jinginarta ta hannun dagatai da ofishin Hakimi suke bi. Idan mutum ya zo da gaggawa da damina yana son sayar da gonar da yake ci daga gare ta a kan kuɗin da bai kai darajarta ba, ya kamata a tambaye shi dalili. In bashin asibiti ne ya koro shi, a jinkirta rubuta takarda har a ji ko asibiti zai karɓi biya kaɗan kaɗan. Wanda ya sayar da gonarsa ya biya bashin kwana goma ya sayi talaucin shekaru.

Daga ƙarshe, malami ya buɗe littafi na musamman, ya riƙa shigar da kowane kuka, da ranarsa, da adadin kuɗi, da yadda aka ƙare. Hakimin da ya je gaban Sarki da littafi maganarsa ta fi ta wanda ya je da labarin baka nauyi.

Rigakafi

Bashin da ba a ci ba ya fi sauƙin biya. Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Rabin asusun an ware shi don biya wa jama'a magani ta hanyar inshora, kashi 5 cikin 100 kuma don larurar gaggawa. A watan Mayu na 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, watau yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka amince da su. Duk waɗannan ba su amfanin wanda bai sani ba, ko wanda ba a rubuta sunansa ba. Ya kamata Hakimi ya tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa wane asibiti ne a gundumarsa yake cikin tsarin, ya sanar da dagatai, ya kuma lura kada masu hali su cike gurbin matalauta lokacin rajista.

Zakka ma ƙofa ce. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya yi wa kanta cikin kashi takwas da ake ba zakka. Jihohi kamar Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma littafin malami yana iya nuna musu inda bukata take. Haka nan attajiran gari da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, in an nuna musu lissafi bayyananne, ba su cika ƙin taimako ba.

Tambayoyi don nazari

1. Wane sashe na Tsarin Mulki ne ya hana tsare mutum saboda bashi, kuma mene ne haƙƙin wanda aka tsare?

2. An kawo wanda mota ta buge, asibiti ya ce sai an ajiye kuɗi. Wace doka aka saɓa, kuma mene ne hukuncinta?

3. Wani ya rasu a asibiti ana binsa bashi, bai bar kome ba. Wa ya wajaba ya biya, kuma yaya za a yi da gawarsa?

4. Waɗanne abubuwa ne dole su shiga takardar alkawarin biya, kuma me ya sa ake ɗora ranakun biya a kan kaka?

Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta wannan darasi gaban dagatai da masu unguwanni a taronsu na gaba, domin su ma su isar da shi ga jama'arsu.